Safiyar da Malam Bai Duba Mota Ba

Me ya hana shi ɗaga murfin motar nan a safiyar Juma'ar? Ina wurin, na ga abin da ya faru da idona, na ji abin da aka faɗa da kunnena, amma har yau ban gane yadda mutum zai san abu sarai ya kuma ƙi dubawa ba. Na juya wannan tambaya a kan sallaya, na juya ta a bakin murhu, har ganina ya dushe ban samo mata amsa ba. Rakiya, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana, don 'yan'uwanki za ki karanta wa, su da 'ya'yansu. Na gaji da jin ana cewa tsohuwar mota ce ta ci amanar mahaifinku a hanya, wai da ya saurari mutane ya rabu da ita da ya isa asibiti. Na ji haka daga bakin baƙi na yi shiru. Da na ji yayanku ya faɗa a ranar sunan 'yarsa, yana faɗa yana girgiza kai kamar mai tausayin wawa, sai na san shiruna ya fara cin mutuncin mamaci.

Mahaifinku malamin dabbobi ne, a Gumel ya yi aikinsa har ya yi ritaya. Da aka ba shi kuɗin sallama ya sayi mota a hannun wani ɗan kasuwa, shuɗiya mai dogon baya, ta ɗan sha hannu amma ƙashinta lafiya. Muka tattara muka koma ƙauyenmu da ke bayan Ɗanzomo, inda kwalta ba ta kai ba, sai hanyar yashi da amalanke ya shata. Ku lokacin duk kun watse, wasu a Kano, wasu a gidan miji, saboda haka ba ku san zaman da muka yi da motar nan ba. Ni na sani. Kullum da safe, kafin ya sa koko a bakinsa, zai ɗaga murfi ya tokare. Ni ce mai riƙe tsumma da buta. Ya zaro sandar baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya nuna mini a hasken rana. Ya buɗe lagireto ya leƙa ruwa. Ya danna fambel, robar da ke juya fanka, da babban yatsa ya ji ko ya saki. Ya durƙusa ya duba ƙasa ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Sannan ya tayar da ita, ya tsaya da kai a karkace yana saurare, yadda yake sauraren cikin saniya.

Ruwan rijiyarmu yana da kanwa, ya ce yana toshe lagireto kamar yadda yake yi wa butar shayi fari a ciki. Saboda haka ruwan sama kawai take sha. Duk damina ni nake tara shi daga indararo, in tace, in cika randuna biyu a ɗakin baya, in rufe da faifai. Ko baƙo ya zo da ƙishi ba a taɓa su. Ban yi karatu ba, ban san abin da aka rubuta a jikin agogunan gaban sitiyari ba, amma na san allurar nan ta zafi in ta wuce tsakiya to akwai magana. Na san launin mai lafiyayye da na wanda ya gaji. Shi ya koya mini, ba don in tuƙa ba, don yana son wanda zai yi wa bayani.

Taubashinsa Malam Idi ba ya wucewa ta ƙofar gidanmu da safe bai tanka ba.

"Likitan jakai, yau kuma wa za a yi wa allura, ita ko mu?"

"Ita dai, Idi. Ita tana jin magani. Kai ko na dawaki aka yi maka ba za ka daina surutu ba."

"Mutum ya tsufa yana lallashin ƙarfe!"

"Ranar da matarka za ta haihu ka hau bakinka ka kai ta Gumel."

Kuma da ranar ta zo, mahaifinku ne ya kai ta. A ƙauyen nan babu wata mota sai tamu. Mai naƙuda da ta gagari ungozoma, wanda maciji ya sara a gona, yaron da ya faɗo daga kan kuka, duk a bayan shuɗiyar nan suka kwanta. Bai taɓa cewa ya gaji ba, bai taɓa karɓar komai ba, kuma ba ta taɓa tsayawa da mara lafiya a hanya ba, ko sau ɗaya. Ku tambayi duk wanda ya rage a garin. Abu guda ne ba ya yi: ba ya ba kowa makulli. Duk mai buƙata, shi zai tuƙa shi da kansa.

A shekarar da nake ba ku labari jikinsa ya fara sauyawa. Ƙafafu suka riƙa kumbura, in ya taka daga masallaci zuwa gida sai ya tsaya ya dafa bango. Likita a Gumel ya ce zuciya ce, ya ba shi magani, ya kuma ja masa kunne a gabana cewa duk ranar da ya ji ƙirji ya ɗaure, kada ya jira komai, a kawo shi nan take. Daga ranar motar ta tashi daga abin taimakon mutane ta zama igiyar ransa. Bai ƙara barin mai ya sauka ƙasa da rabin tanki ba. Ya riƙa ajiye ta da fuska a hanya, don kada a ɓata lokacin juyawa. Mu biyu mun san dalili, ba mu taɓa faɗa da baki ba.

Sai Baffanku ya zo. Kun san shi da fara'a da rabon goro, kun san shi dillalin dabbobi ne da ba ya fashin kasuwar Maigatari. Abin da ba ku lura ba shi ne mahaifinku, da furfurarsa da gemunsa, takalmi yake cirewa ya tsuguna in zai gaishe shi, kuma ban taɓa jin ya ce masa a'a ba. Ranar Laraba ce da la'asar, cikin bazara. Suka zauna a zaure, ina bayan ƙofa ina tankaɗe.

"Ƙanena, gobe kasuwa. Ina da baƙi daga Damagaram, manyan mutane. Ba zan je musu a bayan babur kamar ɗan aike ba."

"To Yaya, sai in kai ka."

"Da waɗannan ƙafafun naka kamar turmi? Zauna ka huta. Ba Hamisu makulli, ya iya. Ai ya yi yaron mota a hanyar Kano."

Hamisu ɗan Baffa ne na fari, magidanci da iyalinsa. Na jira in ji abin da Malam, mahaifinku, yake faɗa wa kowa. Sai na ji ya ce, "To, Yaya." Da ya shigo na ajiye rariya.

"Malam, yaron mota ai kaya yake ɗaurawa."

"Na sani, Asabe."

"Ka manta abin da likita ya ce?"

"Ban manta ba. Wuni ɗaya ne."

"Ka ce masa ta lalace."

"In yi wa Yaya ƙarya?"

"To gaya masa gaskiya. Ka ce masa ranka ne a ciki."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. Ya ɗauki buta ya fita alwala. Washegari da sassafe ya duba komai har sau biyu, ya cika jarka da ruwan randata ya sa a baya. Ya tsayar da Hamisu ya yi masa bayani a tsanake: kada a yi mata lodin da ya wuce mutum biyar, a riƙa duba allurar zafi, in ta hau a tsaya a kashe a bar ta ta huce da kanta, kada a kuskura a zuba mata ruwa da zafinta. Hamisu yana ta "to Baba, to Baba," hannunsa na kan rediyo.

Abin da ya faru a wunin nan ban ji shi ba sai ina cikin takaba, daga bakin matar Hamisu, da ta kasa riƙewa ta zo ta faɗa mini tana kuka. A ƙofar gidan Baffa aka yi lodi, inda ba ma gani. Buhunan riɗi a sama, raguna biyu a baya, mutane har a cinya. Sun isa. A dawowa, da rana tsaka, tiyon ruwa ya fashe, tururi ya taso ta gefen murfi. Hamisu ya so ya tsaya, Baffa ya ce ya ja su kai inuwa, ba za su gasu a fili ba. Ya ja har ta fara kuka kamar ana daka. Da suka tsaya a bakin wata rijiyar makiyaya, suka ja guga suka sheƙa wa injin ruwan sanyi a ka, wai ya huce da wuri, suka ɗura sauran a lagireto. Wani bakanike na bakin hanya ya ɗaure musu tiyon da tsinken robar taya. Ya saurari injin ya ce musu kan inji ya taɓu, ruwa zai riƙa shiga inda mai yake, a lallaɓa ta gida kawai, kada a ƙara yin nisa da ita sai an kwance. Ya faɗa a gaban Baffa, ya faɗa a gaban Hamisu. Rakiya, rubuta wannan da kyau. Sun sani.

Sai suka tsaya a kududdufin bayan gari suka wanke ta tas, har tayoyi. Gab da magariba suka kawo ta tana ƙyalli kamar ranar da aka sayo. Malam ya fita yana jan ƙafa, na ga hannunsa ya nufi murfi. Baffa ya miƙa masa makulli yana dariya.

"Ga amanarka nan, lafiya lau. Har wanka muka yi mata."

Hannun ya dawo. A wurinmu, in babba ya dawo maka da abin aro, ba ka juya shi a gabansa kana neman tabo, daidai yake da ka ce masa maci amana. Baffa ya zauna a dakali yana ba da labarin yadda mutanen Damagaram suka miƙe da ya fito daga mota, bai tashi ba sai da duhu ya rufe. Ni na ɗauko jarka na ji ta wayam. Na gaya wa Malam. Ya ce gobe da safe zai duba.

Da safen, bayan ya dawo daga masallaci, ya zauna a bakin gado ya dafe ƙirji. Gumi yana zuba masa kamar an watsa masa ruwa. Ya dube ni kawai, na gane ranar ta zo. Na aika gidan Baffa a turo Hamisu ya tuƙa mu. Baffa ne ya zo shi kaɗai, ya ce Hamisu ya yi sammako zuwa Gagarawa Tasha. Daga baya na ji yana cikin rumbu a ɓoye. Malam ya ce ba komai, zai iya, ya tuƙa wasu cikin halin da ya fi wannan. Na riƙe shi muka fito. Da muka iso gaban motar jikina ya yi abin da ya saba, na ɗauko tsumma da buta, na sa hannu a maɓallin murfi. Malam ma ya tsaya, yana numfashi da ƙyar, yana jira in ɗaga.

"Me za a duba kuma?" in ji Baffa. "Jiya-jiya ta dawo da ƙafarta. Mutum ba lafiya kuna wasa da buta. Ko ana zaton mun cinye wani abu a ciki ne?"

Ya faɗa da dariya, amma idonsa ba ya dariya. Malam ya dubi murfin, ya dubi yayansa.

"Bar shi, Asabe. Shiga."

"Malam, ɗagawa ɗaya ce."

"Na ce ki shiga."

Na ce wa Baffa ya shigo mu tafi tare. Ya ce mu yi gaba, zai biyo mu a babur in ya sallami wasu mutane. Ɗagawa ɗaya, 'ya'yana. Da ya zaro sandar nan da ya gani, da ya tura mai babur Ɗanzomo ya zo da motar haya, da kafin hantsi ya yi zafi muna gaban likita. Da Baffa ya buɗe baki ya ce kalma uku, da haka aka yi. Ya tsaya a ƙofar gidanmu yana ɗaga mana hannu yana cewa Allah ya sawwaƙe.

Da farko ta tafi. Malam yana riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan a ƙirji, kansa a karkace. Na san abin da karkacewar nan take nufi. Ya ji wani abu tun a bakin gari. Idona yana kan allurar zafi, ina ganinta tana tafiya a hankali, ta taɓa tsakiya, ta wuce. Na waiga na ga farin hayaƙi yana bin mu daga salansa, mai kauri, irin wanda ban taɓa gani ba. A yashi mota ƙarfi take so, ita kuwa ƙarfinta yana tsiyayewa. Ya sauya giya, ta yi tari, ya sake sauyawa. A wani fili tsakanin gonaki, inda ba bishiya sai kututturen gero, ta yi jijjiga ta mutu. Ya murɗa makulli, ta yi gurnani ta ƙi. Bai ƙara murɗawa ba.

"Sauka ki ɗaga. Sa gefen zani, da zafi. Kada ki taɓa lagireto."

Na ɗaga, zafi ya bugi fuskata. Abin da na fara gani baƙar roba ce an nannaɗe a tiyo, ta saki, ruwa mai laka yana tsiyaya.

"Me kika gani?"

"An ɗaure tiyo da roba."

Sannan ya ce in zaro sandar mai, in goge, in mayar, in sake zarowa. Na yi yadda na ga yana yi duk shekarun nan. Na ɗaga ta a rana.

"Wane launi?"

"Kamar shayin da aka zuba wa madara."

Na zagayo da sandar don in nuna masa. Bai karɓa ba. Ya jingina kai da kujera ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefe ya shiga gemunsa.

"Sun shayar da ita da zafinta," ya ce. "Rufe kawai. Ta gama."

Yana da 'yar waya a aljihu. Ya danna lambar wani direba a Ɗanzomo ya ba ni, ya ce in hau jigawar da ke gefe ko za ta kama. Na hau, yashi yana ƙona mini ƙafa, na ɗaga ta sama ina juyawa kamar mahaukaciya. Ba ta kama ba. Fuskarta ta mutu, ban san abin da zan danna ta dawo ba, na sauko a guje ya sake danna mini, na sake hawa. Ranar Juma'a ce, ba a fara shuka ba, babu kowa a gona. Hanyar da Baffa ya ce zai biyo na yi ta kallo har idona ya yi ruwa. Babu babur, babu ƙura. Rana ta hau kanmu, cikin motar ya zama tanda, na cire mayafina na rataya a taga ina yi masa fifita da murfin kwano.

Wanda Allah ya kawo wani bawan Allah ne da amalanken shanu, yana kai taki gona. Da ya leƙo ya ga ko wane ne, sai ya yi salati, ya ce ai wannan ne ya kai mahaifiyarsa asibiti. Ya juye takin a wurin, ya share katakon da hularsa, muka shimfiɗa mayafina muka kwantar da Malam. Mutumin da ya ɗauki rabin garin nan a kujera mai laushi, a kan amalanken taki ya yi tafiyarsa ta ƙarshe. Shanu ba sa sauri ko ka kashe su da duka. Ba mu kai kwalta ba.

Na yarda da ajali, ba wanda zai koya mini wannan. Amma a ranar sadakar uku, ina ɗaki cikin takaba, na ji muryar Baffa ta saman katanga yana gaya wa masu gaisuwa cewa tsohuwar mota ce, ya sha ce wa marigayi ya sayar da ita bai ji ba. Mutane suna cewa haka ne, haka ne. Ku ma kuna zaune a tabarmar, kuka ɗauka kuka riƙe har yau. Da aka jawo motar gida da shanu, Baffa ya aiko a ba shi ya kai gyara don a sayar a raba muku. Na ce ba inda za ta. Kuka ce rikicin tsufa ne, kuka ce na bar kaji suna ƙwai a cikin gadonku. Ban bari an kwance ta ba ne don robar nan tana nan a ɗaure inda suka ɗaura ta. Duk mai shakka a cikinku ya je ya ɗaga murfin ya gani. Kuka ce na yanke zumunci da ban ƙara taka gidan Baffa ba. Bara da yana jinyar ajali kuka zo kuka durƙusa mini in je mu yafi juna. Na je, na gaishe shi da jiki, na zauna. Na jira ya faɗa. Ya tambaye ni ko ƙafata ta yi sauƙi. Na tashi na dawo, kuka ce zuciyata dutse ce.

Za ku ce me ya sa ban faɗa ba tun tuni, na bar ku kuna ganin laifina da na ubanku. An ɗaure mini baki ne, kuma ban kwance ba sai da wanda aka ɗaure shi dominsa ya shiga ƙasa. Ko yanzu ban san ko na yi daidai da na kwance ba. A kan amalanken nan kansa yana kan cinyata, ina tare masa rana da tafin hannu. Ina kuka ina faɗa, na ce wallahi sai garin nan kaf ya ji abin da aka yi masa, sai na tsaya a ƙofar masallaci na faɗa. Ya lalubo hannuna ya matse da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Bayan wannan leɓɓansa kawai na ga suna motsi da kalmar shahada, ba da ni yake ba kuma. Abin da ya ce mini da ya matse hannun nan, na sunkuya har kunnena ya taɓa bakinsa kafin na ji:

"Ki rufa masa asiri, Asabe. Shi ya goye ni da Innarmu ta rasu."